Jarkar Kunun Gona

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafin, ina kuma gaishe ku masu bibiyata, har da waɗanda suka cika min waya da "Shamsiyya ina kika shige?" Ina nan da raina. Masu cewa na ɓuya ne don ina can ina zaɓen anko, Allah ya shirye ku, ku da son biki. Abin da ya faɗo min a kakar nan ya wuce maganar atamfa, kuma sai yau hannuna ya tsaya har na iya yi muku rubutu.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in ja shi kusa. Ni 'yar wani gari ce a gefen Kiru, sunan garin kuwa ku bar min shi a cikina. Mahaifina ya rasu tun ban iya ɗaura zani ba. Yayansa, Baffa Haladu, shi ya riƙe mu, ni da Innata Kulsumu, a sashen da mahaifina ya bari cikin gidan gado. Shi ya sa ni makaranta har na gama sakandare, shi ke yi min kayan salla tare da 'ya'yansa, iri ɗaya, tela ɗaya. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ban taɓa jin ya yi wa Inna gori ba. Na faɗi wannan ne don kada gaba ku ce ni butulu ce tun asali. Baffa babban manomi ne, gonakinsa na masara suna kan hanyar Tudun Wada, babban ɗansa Yaya Hamidu ne ke tsaye a kansu. Duk shekara shi ke riga kowa kai amfani gida, kuma yana ji da wannan.

Shi kuma wanda kuka addabe ni da tambayarsa, Saifullahi, mutumin ƙasar Bebeji ne, daga zuriyar waɗanda ruwan Tiga ya cinye garinsu aka sake musu matsuguni. Babansa masunci ne, shi kuwa ya ce jikinsa ba ya shiri da ruwa, ya kama aikin jinga. Shi ne shugaban wasu samari da ake ɗauka a Kwanar Dangora, a yi ciniki da su a kan gona guda, su gama noma ko girbi a sallame su. Bara waccan ya fara yi wa Baffa aiki, a ƙofar gidanmu ya fara ganina. Ba shi da kyan da zai hana mace barci, kada ku ce na zuga shi, amma mutum ne da in ya ce zai zo to zai zo, kuma bai taɓa bari na gama magana bai saurara ba. Manyansa sun zo, an karɓi gaisuwarsu, an ce biki sai an gama girbi.

Bara aka wayi gari da gawar wani saurayi a bayan makarantar firamare, kumfa a bakinsa, katin ƙwaya a aljihunsa. Garin ya girgiza. Manya suka zauna suka kafa kwamiti, da mai unguwa, da Liman, da Audu shugaban 'yan sintiri, aka ba Baffa shugabanci saboda kowa ya san ba ya wasa. Dokar da suka yi gajeriya ce. Duk wanda aka kama da ƙwaya za a aske masa kai, a faɗi sunansa a masallacin Juma'a, kuma ba mai ba shi 'ya a garin. In ya faɗi wanda ke sayar masa, kwamiti zai kai shi asibiti a Kano a yi masa magani. In ya ƙi, akwai wani malami can cikin dajin Doguwa mai gidan mari, duk da an ce an hana irin gidajen, can za a miƙa shi. Mu 'yan mata har guɗa muka yi wa dokar nan, don mun gaji da samarin da ke zuwa zance baki na karkacewa.

Mutum ɗaya na sani da ya je gidan malamin ya dawo, Ɗanmaraya mai faci. Da can in yana ba'a a bakin kasuwa sai kin riƙe ciki. Yanzu yana nan zaune a rumfarsa, ya daina shan komai, haka ne, amma magana ma ya daina. Idon sawunsa duka biyu akwai zoben baƙin tabo, in mota ta yi hon kusa da shi sai ya kare kansa da hannu. Mutanen gari in sun wuce sai su ce kun ga yadda ya shiryu.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, da azahar saƙon Saifullahi ya shigo: "Ranki ya daɗe, zan biyo bayan la'asar. Na samo miki bandar tarwaɗa daga gida, ki ce Inna ta tanadi daddawa." Na rubuta masa cewa ni ba kifi zan aura ba, ya zo da fuskarsa a wanke ya isa. Ya turo min hoton dariya har uku. Na yi wanka, na sa doguwar rigata ta koriyar atamfa mai tattara a ƙugu, na ja kwalli, na shafa humrar da Inna ke ɓoyewa a ƙasan akwati tana zaton ban san wurin ba, na yafa mayafi ruwan toka. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta bi ni da kallo, ta ce wannan ƙamshin dai ta san mai shi. Na yi kamar ban ji ba na wuce.

A kan dakalin ƙofar gida na same shi, cikin yadinsa ruwan omo, ledar kifin a gefe. Gaskiya na jima ina ganin canji a jikinsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abinci in na kawo sai ya tsakura ya ture, ga yawan susa a hannu da wuya. In na tambaya sai ya ce aikin kaka ne, ni kuma in yarda, don ina so in yarda. Ranar kuwa gumi ne ke tsiyaya daga goshinsa alhali rana ta yi sanyi. Muka gaisa, ya fara ba ni labarin ɗakin da yake shafe wa siminti a gidansu, wai sai na zaɓi kalar fentin da za a yi. Yana cikin magana sai ya tsaya, ya ƙura wa bango ido.

"Malam, lafiya?"

"Shamsi, kaina ne yake..."

Bai ƙarasa ba. Ya sulale daga kan dakalin, jikinsa ya sandare, sannan ya fara fizga, ƙafafunsa na bugun ƙasa, haƙoransa sun datse, kumfa na fitowa. Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane a kanmu. Wata maƙwabciyarmu ta ce iska ce, a kawo tazargade. Wani ya ce farfaɗiya ce, kowa ya ja baya kada yawun ya taɓa shi. Audu ne ya ratsa ya durƙusa, ya juya shi gefe, ya sa hannu a aljihunsa wai zai ciro waya a kira 'yan uwansa. Tare da wayar sai ga katin tiramol, an ɓalle fiye da rabi.

Ni dai na san ina tsaye, mayafina a ƙasa, wata tana riƙe da kafaɗata. A haka Baffa ya iso daga kasuwa. Audu ya miƙa masa katin, ya juya shi a hannu, ya dubi Saifullahi da ya fara dawowa hayyacinsa yana bin fuskokin mutane da kallo. Baffa bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi a kai shi ofishin 'yan sintiri, ni kuma in shiga gida.

Bayan magariba ya kira mu ni da Inna ɗakinsa. Ya ce maganar aure ta mutu, za a mayar musu da kayansu. Ya ce shi ya jagoranci dokar nan, ba zai fara karya ta a gidansa ba, kuma in gode wa Allah da ya tona abin kafin a ɗaura. Asabar da safe kwamiti zai zauna a zaurensa a yanke hukunci. Ya yi min nasiha mai taushi, har da cewa zai samo min wanda ya fi shi. Na yi kuka, amma a raina ban ga laifin Baffa ba. Haushin Saifullahi nake ji, haushi mai zafi, na yadda ya zauna a gabana yana min zancen fenti da wannan abin a aljihunsa.

Kafin gari ya waye ashe wani ɗan albarka ya ɗauki bidiyonsa yana birgima a ƙasa, har da gefen atamfata a ciki. Ƙawayena na makaranta suka dinga turo min, kowacce da "ba naki ba ne wannan?" kamar ba su san amsar ba. Masu zuwa jaje kuwa sun fi na gidan rasuwa, kuma duk wadda ta zauna sai ta ce ita dama tun farko idonsa bai yi mata ba. Wata ma ce min ta yi 'yan jinga duk haka suke, shaye-shaye a jininsu yake.

Ina wanke-wanke aka idar da sallar Juma'a. Lasifikar masallaci ta yi ƙara, sai muryar Baffa. Ya kira sunan Saifullahi da na mahaifinsa da na garinsu, a hankali, yadda kowa zai ji. Matan gidanmu suka ci gaba da aikinsu suna satar kallona. Na ɗauraye hannu na shige ɗaki da niyyar goge lambarsa da duk hotunansa. A nan na tarar da saƙonnin Khairiyya, ƙanwarsa, wadda ta taso tun safe daga Bebeji da abinci.

"Anti Shamsiyya ki ɗaga don Allah."

"An aske shi. Tun jiya amai yake yi, jikinsa na karkarwa."

"Sun tambaye shi wa ke ba shi, ya ƙi faɗa. Audu ya ce gobe mota za ta zo daga Doguwa."

Na rubuta mata cewa to ya faɗa mana, wa yake rufa wa asiri da ya fi ƙafafunsa? Na ga tana rubutu tana gogewa, tana rubutu tana gogewa. Can sai saƙon murya ya shigo. Na rage sauti na kara a kunne.

Khairiyya ta ce ba ta so ta faɗa min ba, ya ma rantsar da ita, amma ba za ta zuba ido a sa wa yayanta mari ba. Ta ce duk yaran jingarsa sun san kunun gonar Alhaji Haladu daban yake. In suka sha da safe sai su yi aikin yini biyu kafin la'asar, ba yunwa ba gajiya, har suna yi wa 'yan wasu gonakin dariya. Da farko sun ɗauka kyan gero ne da kayan yaji. Sai da aikin shekarar farko ya ƙare suka koma gida, jikin kowa ya rushe, ba barci, ga ciwon gaɓoɓi, ga hamma da hawaye. Saifullahi ya dawo ya sami Yaya Hamidu ya tambaye shi. Shi kuma ya yi dariya ya ce ai kowace babbar gona haka ake yi, in yana so ma akwai na sayarwa a wurinsa. Tun daga nan a hannunsa yake saya.

"Anti, cewa ya yi in ya faɗa gidanku ne zai rushe," in ji ta a ƙarshen saƙon. "Ya ce ke da Innarki ba ku da wani gidan."

'Yan uwa, ni nake dama kunun nan.

Tun da na gama makaranta aikina ne duk lokacin aikin gona. Da asuba nake dama babbar tukunya, gero da tsamiya da citta da kanumfari, in raba biyu. Na gida a zuba a kula, na gona a jarka ruwan ɗorawa mai tsumma ɗaure a murfi. Na gida ni nake sa masa sukari. Na gona kuwa Yaya Hamidu ya ce hannuna ya yi nauyi, ina yi masa ɓarna, shi zai riƙa sawa da kansa, sai ya ɗauki jarkar ya shiga da ita ɗakinsa kafin ya ɗaure a babur. Kuma doka ce a gidanmu ba a shan kunun jarka. Akwai ranar da na gida ya ƙare, wata mai jego ta shigo, na tsiyaya mata a kofi daga jarkar. Yaya Hamidu ya fizge kofin ya watsar a ƙasa, ya ce haƙƙin ma'aikata ne, ba a taɓawa. Ranar har ya burge ni, na ce ashe Yaya yana da tsoron Allah haka.

Na kira Khairiyya na ce ta san yadda za ta yi ta kai masa waya. Ta shiga da sunan karɓo kwanuka. Da ƙyar na gane muryarsa.

"Ta faɗa miki ko? Na ce kada ta faɗa."

"Don me za ka yi shiru? Ka san inda za su kai ka?"

"Na sani. Shamsi, a kunu aka fara ba ni, amma wanda ya biyo baya da ƙafata na je na saya. Ba zan ɗora wa gidanku duka ba." Ya tsaya yana mayar da numfashi. "Ko na faɗa ma, wa zai yarda da ɗan ƙwaya a kan ɗan shugaban kwamiti? Ki yi haƙuri ki yi shiru. Zan fito."

Na tambaye shi ko Baffa ya sani. Ya ce wannan ne bai sani ba, bai taɓa ganin Alhaji kusa da jarkar ba. Sai na ji muryar Audu yana tambayar wa ya ba shi waya, layin ya katse. Haushin da nake ji bai tafi ba, wuri ya canza. Sonsa kuma ya dawo min gaba ɗaya, da tausayi mai sa ƙirji ciwo, ga tsoro a kai.

Na sami Inna a bayan kicin tana tsinke zogale. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai ƙasa-ƙasa. Na zaci za ta yi salati ta saki kwanon, amma hannunta bai ko tsaya ba.

"Inna, kin sani ke nan?"

"Ni ban ga komai ba. Ke ma ba ki gani ba."

Ta ce ta daɗe in tana shara tana ganin ɓawon magani a bayan ɗakin Hamidu, ta tattara ta jefa a murhu, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce macen da ke zaune a gidan mijin da ya mutu ba ta da bakin tambaya. Ta tuna min wanda ya sa ni makaranta, da wanda ya yi ta kai ta asibiti lokacin ciwon ƙafarta. Ta ce in na buɗe baki hukuma za ta tafi da Hamidu, Baffa ba zai ƙara ɗaga kai a garin ba, mu kuma sai dai mu ɗaure kayanmu, to in faɗa mata ina za mu nufa. Na ce to Baffa ya san abin da ake zubawa? Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko.

"Ban tambaya ba, Shamsiyya. Ki rufa mana asiri, ke ma kada ki tambaya."

Na ce shi kuma wancan da za a sa wa mari fa, ba ɗan wata ba ne? Ta ce Allah zai fitar da shi. Ta ci gaba da tsinke zogalenta tana share ido da bakin zani.

Na san wasunku za su ce in tashi in je gaban kwamiti in faɗa kawai. Da baki yana da sauƙi. Ku da kuke kwance kan katifa kuna danna waya, kun taɓa ganin budurwa ta shiga zauren dattawa ta ce ɗan mai gidan ne dillali? Kafin in rufe baki za a ce soyayya ce ta juya min kai, ƙila har a ce ni ma a duba jakata. Yaya Hamidu zai rantse, ɗakinsa kuwa kafin a je an share. Kuma can ƙasan raina akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ina so ya kasance Baffa bai sani ba. In bai sani ba, da hannunsa zai kama ɗansa, na san halinsa, Saifullahi ya tafi asibiti, mu kuma mu zauna a ɗakinmu. In kuwa ya sani, to ban san mutumin da ya raine ni ba, kuma ban san wa zan kai wa ƙara ba.

Asabar da asuba na dama kunu kamar kullum, don girbi ba zai tsaya ba saboda zuciyata ta karye. Yaya Hamidu ya zo ya ɗauki jarkar, har yana min sannu, yana cewa in cire yaron nan a raina, Allah ne ya tsare ni. Wannan karon na bi bayansa da tsintsiya a hannu na tsaya jikin tagarsa. Labulen bai rufe duka ba. Na gan shi a tsugune yana ɓare ƙwayoyin yana zazzage garin a cikin jarkar, ya bi da sukari, ya rufe ya jijjiga. Ya fito da ita ya ajiye kusa da babur ɗinsa a tsakar gida. Ya ce kada a taɓa, zai je bakin titi ya taro motar Doguwa don direban bai san gidan ba, in ya dawo zai wuce gona.

Da hantsi zaure ya cika. Na leƙa ta gefen labule. Mai unguwa da Liman suna kan darduma, Baffa a gefensu cikin farar shadda, Audu a tsaye. Saifullahi yana ƙasa kan siminti, an aske kansa tas har da yankan reza a bayan kunne, yadin nan ruwan omo ya yi duƙun-duƙun. Mahaifinsa, wani tsoho siriri, yana rakuɓe a bakin ƙofa, hularsa a hannu, yana ta ba da haƙuri ba mai amsa masa. Na ji Liman yana lallashin Saifullahi, yana ce masa ya faɗi sunan mutum ɗaya ya huta, asibiti ya fi mari. Shi kuwa kansa a ƙasa.

Sai Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Shamsiyya, a kawo wa su Malam kunu."

Kular gida tana nan cike a ƙofar kicin, kofuna a kan tire. Na ɗauki tiren, na wuce kular. Inna tana bakin murhu ta ga inda na nufa, ta miƙe tsaye da ludayi a hannu.

"Shamsiyya."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ni ma ban juya ba. Jarkar da nauyi, ɗuminta na dukan ƙafata. Ina tafe ina ce wa kaina in kofin ya kusa bakin wani zan buge shi da hannuna, in ce kuskure ne. Liman tsoho ne, ga hawan jini, kowa ya san da ƙyar yake tashi daga sujada. Amma ba ni da tabbas hannuna zai yi saurin da nake so.

Na yi sallama na durƙusa na gaishe su. Na dire jarkar a tsakiyar zaure, gaban kowa, da tsummanta da komai. Mai unguwa ya yi dariya ya ce yau kuma da jarka za a shayar da su? Na ce a yi haƙuri, ranka ya daɗe, na gida bai huce ba, na gona ne ya sha iska. Ya ce ai shi ya daɗe yana jin labarin kunun gonar Alhaji a bakin 'yan jinga, yau dai zai ɗanɗana.

Jin an ambaci gona Saifullahi ya ɗago kai. Ya ga jarkar, ya gan ni. Ya yunƙura zai yi magana, Audu ya danne kafaɗarsa ya ce ba a ba shi izini ba, da aka tambaye shi ai shiru ya yi. Ban dubi Baffa ba tukuna, na kasa. Na kwance tsumman, na buɗe murfin, na cika kofi na farko, na miƙa wa Liman da hannu biyu saboda shi ne babba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," in ji shi. "Allah ya musanya miki da mafi alheri."

A waje na ji mota ta tsaya, da muryar Yaya Hamidu yana ce wa direba ya matso inuwa. Liman ya gyara zama, ya hura kunun, ya yi bisimilla. A lokacin na ɗaga ido na dubi Baffa, ina roƙon Allah a raina in gan shi hankali kwance yana jiran nasa kofin. Na riga na ɗaga hannu zan kai wa kofin duka.

Hannun Baffa ya riga nawa. Ya cafke wuyan hannun Liman da ƙarfi har kunun ya fantsama a kan farar shaddarsa.

"Kada ka sha, Malam."

Ashe ya sani. Abin da ya fara zuwa raina ke nan, kuma ya fi min ciwo a kan duk abin da ya faru tun ranar Alhamis. Ba wanda ya motsa a zauren. Mahaifin Saifullahi ya daina ba da haƙuri. Liman ya dubi kofin, ya dubi hannun da ke riƙe da shi, sannan ya ce a hankali, "Alhaji Haladu, me ke cikin kunun?"

Baffa ya juyo. Ni yake kallo, kuma tun da nake a gidan nan ban taɓa ganin irin kallon a idonsa ba. A bakin ƙofa Yaya Hamidu ya yi sallama, yana tambaya ko a shigo da marin ciki, ko sai an fito da yaron waje a sa masa.